Jiki Biyu

A hawa na huɗu na tsohuwar masaƙa a Lodz,
inda kakata ta ƙarar da idonta a kan zare,
nan muke ƙera wasan kwamfuta.
Wani na zana fuska, wata na zana gajimare.
Nawa aikin ba ya fita a hoto:
ni ke gaya wa bango cewa shi bango ne.

Kowane abu a wasan jiki biyu gare shi.
Akwai na ido, mai gashi da maɓallin riga,
akwai na injin lissafi,
akwati, ko ƙwallo, ko kafso irin na magani.
Jarumarmu mai alwatika dubu arba'in a jika,
a wurin injin kafso ce kawai a tsaye.
Ba raini ba ne, sauri ne.
Sau sittin a daƙiƙa ake tambaya, wa ya taɓa wa?
Mai amsa sau sittin ba ya dogon bayani.

Ran Talata Bronka mai gwaji ta turo saƙo:
"Buta ta ƙi ratayuwa a ƙusa."
Laifina ne. Fata ɗaya na ja na lulluɓe butar,
ta toshe ramin mariƙin.
Ido na ganin kafa, ƙusa na jin dutse.
Na yanka mariƙin gida bakwai,
na jera ƙananan akwatuna suka bi lanƙwasar,
buta ta rataya, tana ɗan lilo.

Laraba: "Dutsen majajjawa ya wuce ta ƙofa,
ƙofar kuwa a rufe take."
Wannan tsohon ciwo ne.
A hoton farko dutsen na gaban ƙofa,
a na biyu yana bayanta,
tsakanin biyun ba wanda ya duba.
Injin bai yi ƙarya ba, ƙiftawa ya yi.
Sai na hana shi tambayar ina dutsen yake,
na ce ya bi sawu
daga inda ya taso har inda ya sauka,
ya faɗa mini abin da ya tsare hanya.

Ƙarfe bakwai na hau tarago zuwa gida,
ƙanƙara na narkewa a takalman mutane.

Babana Ignacy, tun ciwon da ya buge shi a hunturun bara,
ya manta yana da hagu.
Hannun na nan, kafaɗar na nan, yana motsa su,
amma likita ta ce ƙwaƙwalwar ta daina lissafi da su.
Shekara arba'in yana bin ƙofar kicin ɗin nan
da kofin shayi, ko a duhu.
Yanzu kullum sai ƙum!
Ya tsaya, shayi na ɗiga daga yatsunsa,
ya ce, "Wa ya matso da ƙofar nan?"

Na san amsar, Baba.
Jikin da kake ɗauke da shi a ka
ya fi na gaske ƙanƙanta da kafaɗa ɗaya.
Da a ofis ne, lamba guda zan canza
kafin ruwan zafi ya tafasa.

Nan kuwa sai na sayo soso da gam,
na naɗe gefen ƙofar daga ƙugu zuwa kai.
Bai gyara komai ba. Ƙarar ce ta ragu.

A wasan mukan bar 'yar tazara kewaye da kowane abu,
siririya, ido ba ya kama ta,
don kada jiki ya nutse cikin jiki lissafi ya rikice.
Ƙafar jarumarmu ba ta taɓa taka ƙasa ba,
kuma ba ɗan wasan da ya taɓa kawo ƙara.

Idan na shigo ba na yin sallama daga dama.
Hagunsa nake tsayawa, da rigar sanyina a jiki,
in yi shiru, in jira ya taso daga kujera.
Taku uku, huɗu,
kafaɗarsa ta daki ƙirjina.
Ya juyo da kai gaba ɗaya, a hankali, har ya same ni.
"Au, Leszek. Yaushe ka dawo?"